Kundin aikin zaunar da sabon ma'aikaci a Guangzhou

12 ga Fabrairu, 2025

Yau Sinawa ke bikin fitilu, kuma daga yau ne gari ke komawa daidai bayan hutun sabuwar shekararsu da ya kama ranar 29 ga Janairu. Shi ya sa aka ɗaga zuwan ƙanenmu zuwa mako mai zuwa. Wanda ya sauka a tsakiyar hutun zai tarar da kasuwanni a rufe, dillalan gidaje sun tafi garuruwansu, ga kwanakin biza suna tafiya.

Saurayi ne daga Kano, zai kama aiki a wani ofishin tura kaya, kuma ya samu biza nau'in Z, wadda ake ba mai zuwa aiki. Wannan biza ta shigowa ce kawai. Daga ranar da aka buga masa hatimi a filin jirgi yana da kwana 30 ya nemi izinin zama. A cikin kwanakin nan ake son a gama gida, rajistar 'yan sanda, gwajin asibiti da takardar izinin aiki, sannan layin waya da banki su biyo baya. Abubuwan nan kamar sarƙa suke, kowanne na riƙe da na gabansa, kuma zoben farko shi ne mai gidan haya. Za mu riƙa rubuta kowane mataki a nan saboda masu zuwa bayansa.

An riga an aika masa saƙo kan kaya: ban da kilishi, ban da dambun nama, ban da ɗanyen 'ya'yan itace da iri. Kwastan na hana shigo da nama ko da busasshe ne. Ban da tiramadol da maganin tari mai kodin, don a nan suna cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido sosai. Tsabar kuɗi idan ta haura dala 5,000 sai an bayyana ta.

18 ga Fabrairu

Ya sauka a filin jirgin Baiyun jiya, ta Addis Ababa. An kai shi otal kusa da unguwar Xiaobei. Dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013 ta ce duk baƙo sai an yi masa rajistar wurin kwana cikin awa 24. Idan otal ne, su ke yi da kansu lokacin da suka ɗauki hoton fasfo. An roƙi masu otal su buga takardar rajistar su sa hatimi, saboda za a neme ta a gaba.

An gaya masa fasfo ba ya zama a ɗaki. Duk baƙon da ya kai shekara 16 doka ta ce ya kasance da shi a jikinsa, kuma a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli ana tambaya. Lambobin da aka sa masa a waya: 110 'yan sanda, 120 motar asibiti, 119 'yan kwana-kwana, 12367 hukumar shige da fice.

21 ga Fabrairu

An yi gwajin asibiti a cibiyar lafiyar matafiya ta lardin Guangdong da ke gundumar Tianhe. Ana zuwa da safe ba a karya ba, da fasfo da ƙananan hotuna. Suna ɗibar jini, su ɗauki hoton ƙirji, su duba bugun zuciya da ciki da ido. Sakamako na ɗaukar 'yan kwanaki, kuma ofishinsa na jiran sa kafin ya miƙa takardun izinin aiki.

Daga can aka wuce neman layin waya. Kamfanonin uku ne: China Mobile, China Unicom da China Telecom. Ƙananan shagunan bakin titi galibi na'urarsu katin ɗan ƙasa kaɗai take karantawa, don haka mai fasfo ya nufi babban ofishi kai tsaye. Ana ɗaukar hoton fuska, a ɗaura layin a kan lambar fasfo. Kada a yarda da layin da aka buɗe da sunan wani, ko da na aboki ne. Banki da manhajojin biyan kuɗi duk ga wannan lamba za su riƙa turo lambar tantancewa, ranar da mai sunan ya rufe layin kuwa sai komai ya tsaya.

WhatsApp, Facebook, YouTube da Google ba sa buɗewa a layin ƙasar. An buɗe masa WeChat, manhajar hira da biyan kuɗi ta Sinawa, aka ce mutanen gida su ma su sauke. Taswira kuwa Gaode. Tsakanin nan da Kano ko Yamai awa 7 ne, wato azahar ɗinmu ita ce safiyarsu.

27 ga Fabrairu

An sa hannu kan haya. Gidaje biyu da suka fi araha an bar su, saboda tambayar farko da ake yi wa dillali ba ta kuɗi ba ce: shin mai gidan zai ba da kwafin katinsa na ɗan ƙasa da na takardar mallakar gida, kuma zai yi rajistar hayar a ofishin unguwa? Wasu ba sa so saboda haraji, wasu kuma su ma haya suka kama suke sake bayarwa. Irin wannan gida, kome kyansa, ba ya fitar da takardar 'yan sanda, wanda ba shi da ita kuma ba zai samu izinin zama ba.

Al'adar Guangzhou ita ce “ya er fu yi”: kuɗin ajiya na wata biyu, hayar wata ɗaya a gaba. Dillali yakan karɓi la'adar rabin wata. Ke nan idan haya yuan (kuɗin Sin) 3,000 ce, a riƙe 10,500 a ranar sa hannu. Ban da wannan akwai kuɗin kula da gini da ake biya duk wata, a tabbatar an rubuta wa zai biya.

An tsaya sosai kan wutar lantarki. Wanda ke biyan kamfanin wuta kai tsaye, kowane awo na mita bai cika fiye da kashi shida cikin goma na yuan ba. A tsofaffin unguwannin da gidaje ke manne da juna, mai gida ne ke karanta mita ya yanka nasa farashi, wani lokaci ninki biyu ko fiye. A watan Fabrairu ba a jin bambancin, sai zafi ya shigo. An ɗauki hoton mitar wuta, ta ruwa da ta gas, aka rubuta lambobin a jikin yarjejeniya. An kuma ɗauki hoton duk tabo da karaya, don a kansu ake rigimar kuɗin ajiya ranar tashi.

Abu ɗaya aka sa aka gyara kafin a tare: tukunyar ɗumama ruwan wanka mai aiki da gas tana cikin banɗaki, bututun hayaƙinta bai fita waje ba. Wannan ba abin sassauci ba ne, hayaƙin ba shi da wari kuma yana kisa. An mayar da ita baranda.

28 ga Fabrairu

Ya tare da safe, kafin la'asar an yi rajista. Ofishin 'yan sandan unguwa “paichusuo” ake ce masa, kuma unguwannin da baƙi suka yi yawa, irin su Dengfeng, suna da ƙaramin ofishin kula da baƙi da ke wannan aiki. An tafi da fasfo, kwafin shafin hoto da na biza da na hatimin shigowa, yarjejeniyar haya da takardun mai gida. Ba a biyan ko sisi. Suna ba da takarda guda mai jan hatimi, an yi mata kwafi uku. Rashin yin rajista na jawo gargaɗi, kuma tara na iya kaiwa yuan 2,000, amma babbar asarar ita ce tabon da ke zama a kan sunan mutum har ranar sabunta izini.

Wutar nan 220 ce kamar ta gida, sai dai ramin soket ya bambanta. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Nijeriya ba ya shiga, sai da mahaɗi. Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa, an yi odar babbar gora mai lita 18.9 da ake kawowa har ƙofa.

4 ga Maris

Azumi ya kama, ana shan ruwa wajen shida da rabi. Wannan makon na kicin ne.

A kasuwar cefane ba da kilo ake ciniki ba, da “jin” ake yi, rabin kilo ke nan. Sabon zuwa yakan ga farashi ya ɗauka na kilo ne, sai a wajen biya ya ga ninki. Alamomi biyu aka sa ya haddace: 清真, wato halal, galibi a kan koren allo, da 猪, wato alade. A shagon da ba na Musulmi ba, cewa “ban da naman alade” ba ta wadatar, domin ana suya da kitsensa, ana zuba romonsa a miyar taliya, ana kuma sa giyar girki ko a kifi. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi 'yan ƙabilar Hui suna kusan kowace unguwa, su ne madogarar mai fita aiki. Naman rago da na sa kuma a mahautan Musulmi na Xiaobei.

Abin da aka gwada a tukunya: shinkafar arewa maso gabashin ƙasar, mai gajeren ƙwaya, tana yin tuwo mai kyau ba tare da wahalar tuƙi ba. Shinkafa mai danƙo da suke kira “nuomi” ba ta yi, tana kama muciya ta zama ƙulli. Garin masara yana nan, amma a zaɓi mai laushi. Geron da suke kira “xiaomi” ba irin namu ba ne, rawaya ne ƙanana, yana yin kunu idan an jiƙa shi kwana guda aka markaɗa da citta da kanumfari, amma ba ya ba da ƙamshin fura. Dawa sunanta “gaoliang”, kuɓewa “qiukui”, zoɓo “luoshenhua”, kuma a masu sayar da ganyen shayi ake samun sa. Kuka, daddawa da manja sai shagunan 'yan Afirka, da tsada, don haka duk mai zuwa daga gida ana roƙon sa ya taho da busasshiyar kuka a ɗaure da kyau.

12 ga Maris

Izinin aiki ya fito, an miƙa takardun izinin zama a ofishin shige da fice, saura mako guda wa'adi ya cika. An haɗa da fasfo, takardar rajistar 'yan sanda, sakamakon asibiti, izinin aiki, wasiƙar ofis mai hatimi da kwafin lasisin kamfani. A Guangdong hoto na da nasa sharaɗi: sai a shagon da aka amince da shi, wanda zai ba da rasit mai lamba. Hoton da aka zo da shi daga gida ba ya shiga.

Kuɗin izini yuan 400 ne idan bai kai shekara ba, 800 daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da uku. Sun riƙe fasfo suka ba da rasit mai hotonsa, shi ne shaidarsa har ranar karɓa. Wanda ya bari kwanakinsa suka wuce, tara yuan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Izinin kuma na wannan ofishi ne kaɗai. Yin aiki a wani wuri da shi, ko yin aiki da bizar kasuwanci, tararsa daga 5,000 zuwa 20,000.

17 ga Maris

Danshin da suke kira “huinantian” ya sauko. Iska mai ɗumi daga teku ce ke tarar da bango da daɓe da sanyinsu, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa. Madubi ya yi hazo, tayil ya jiƙe kamar an yi wanki, rigar da aka shanya tun shekaranjiya ba ta bushe ba. Ɗan arewa zai ce a buɗe taga iska ta shiga, alhali ita ce ke kawo ruwan. Ana rufe tagogi, musamman masu kallon kudu, a sa na'urar sanyaya ɗaki a kan alamar ɗigon ruwa. An tarar da fumfuna ta fara kama takalmin fata da hula biyu a cikin kabad. An goge, an zuba jakunkunan tsotse danshi, shaddodi kuma an sa su a leda mai zif. Garin kuka da yaji an juye su a kwalba mai murfi.

25 ga Maris

Fasfo ya dawo da izinin shekara ɗaya. An koma wajen 'yan sanda aka sabunta rajista, saboda lambar izini ta canja. Haka za a yi idan aka sauya gida ko fasfo, kuma gara a leƙa bayan kowace dawowa daga tafiya waje.

Sai banki. Wani reshe ya ce ba ya buɗe wa baƙi, aka tafi babban reshe da fasfo, izinin zama, takardar rajista, wasiƙar aiki da waya a hannu. An buɗe, aka zaɓi lambar sirri mai lamba 6.

A nan matsalar da ta fi cin lokaci ta fito: kati ya ƙi ɗauruwa a WeChat. Dalili shi ne suna. A banki an fara da sunan mahaifi, a manhaja kuma an fara da sunan yanka. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne, harafi da harafi take gwadawa, har da tazarar da ke tsakanin sunaye. Mu da muke da suna uku, ga Muhammad da Mohammed da Muhammed, abin ya fi kama mu. Maganinsa: kafin a bar gaban ma'aikacin banki a roƙe shi ya buga sunan yadda ya shigar da shi, a ɗauki hoto, a kwafe shi haka a WeChat, Alipay da manhajar tikitin jirgin ƙasa ta 12306, da manyan baƙaƙe. Da aka gyara jerin sunan, nan take ya ɗauru.

Kafin wannan da tsabar kuɗi yake yawo. Doka ta hana a ƙi karɓar ta, sai dai mai shago sau da yawa ba shi da canji. Tun 2023 ana iya ɗaura katin Visa ko Mastercard na waje, kyauta idan sayayya ba ta wuce yuan 200 ba, kashi 3 cikin 100 idan ta wuce. Wannan na ɗan ziyara ne. Mazauni sai da asusun gida, don da shi ake biyan haya, wuta, odar abinci da motar Didi.

2 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Ya yi Idi a masallacin Xianxian, inda hubbaren da Musulmin Sin ke dangantawa ga sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas yake, ko da yake littattafan tarihi sun nuna a Madina aka binne shi. Nan ne Juma'a ta fi cika, kuma a bakin ƙofa ake kasa gurasa, gasasshen nama da dabino. Tsohon masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya yana titin Guangta, kusa da tashar Ximenkou a layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu yana zirga-zirga shi kaɗai. Daga Xiaobei a layi na 5 tasha ɗaya ce zuwa babbar tashar jirgin ƙasa, a nan ake sauya layi na 2: tasha ɗaya kudu Yuexiu Park, wajen masallaci, tasha ɗaya arewa Sanyuanli. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farawa daga yuan 2, kuma ana saka jaka a na'urar bincike a kowace ƙofa. Babu acaɓa, an hana babur a tsakiyar birnin tun 2007. Abin tsoro a titi shi ne keken lantarki na masu kai saƙo, ba ya ƙara, kuma har kan hanyar masu tafiya a ƙasa yake hawa.

16 ga Afrilu

Baje kolin Canton karo na 137 ya buɗe jiya a Pazhou, zai kai 5 ga Mayu. Otal ya yi tsada, baƙi daga Kano, Maraɗi da Kumasi sun cika gari, kuma an fara kiran ƙanenmu ana neman wurin kwana. An zaunar da shi kan wannan. Saukar baƙo ba laifi ba ne, amma ko ɗan'uwa ne na jini, ko dare ɗaya ne, sai an kai shi rajista cikin awa 24, kuma mai masauki ma ana iya kama shi da laifin rashin yi.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Wani baƙo ya nemi a turo masa yuan ta asusun ƙanenmu daga hannun ɗan canji. An ce a'a, kuma wannan a'a ba ta da togaciya. Kuɗin da ke fitowa daga canjin bayan fage yakan haɗu da na 'yan damfarar waya. Idan wanda aka damfara ya kai ƙara a wani lardi, 'yan sandan can suna bin sawun kuɗin su daskarar da duk asusun da ya ratsa, ko mai shi bai san komai ba. Buɗe shi na iya cin watanni, da tafiya har garin da aka kai ƙarar, ga albashi a ciki. 'Yan kasuwar Guangzhou da Yiwu da yawa sun sha wannan. Asusunsa na albashi ne da cefane kawai.

13 ga Mayu

Wani baƙon ofis ya kwanta da zazzaɓi mako guda bayan saukarsa, ƙanenmu ya raka shi asibiti, ya koyi tsarin. Ana fara yankar kati, “guahao”, da fasfo. Mai zazzaɓi sashensa daban. Kowane mataki sai an biya kafin a yi: ganin likita, gwaji, magani.

Abu mafi muhimmanci shi ne a faɗa wa likita tun a jumlar farko cewa daga Afirka aka zo, a nemi gwajin zazzaɓin cizon sauro, “nüeji”. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Sin ta rabu da cutar ranar 30 ga Yuni, 2021, don haka likitan ƙaramin asibiti na iya ɗaukar ta mura. Asibiti na Takwas na birnin shi ne ya ƙware kan cututtuka masu yaɗuwa. Idan gwaji ya tabbatar, jami'an lafiya za su kira su yi tambayoyi, aikinsu ne, a amsa musu. Baƙon ya samu sauƙi. Sauron nan kuma na ɗauke da zazzaɓin dengi a damina, an sa raga a tagogi, an zubar da ruwan da ke kwance a baranda.

3 ga Yuni

Kuɗin wutar Mayu ya fito, ya tashi saboda na'urar sanyaya ɗaki. Daga Mayu zuwa Oktoba matakin farko mai araha na kaiwa awo 260 a wata, sauran watanni 200, abin da ya haura kuma farashinsa na ƙaruwa. An wanke ragar na'urar, an tsayar da ita a kan digiri 26.

An yi aiken kuɗi gida na farko ta banki. Sun nemi fasfo, yarjejeniyar aiki, takardar albashi da shaidar biyan haraji, wadda ake saukewa daga manhajar hukumar haraji. Abin da aka biya wa haraji shi ake bari a canja a tura.

Abin da ya rage: takardun ɗauko matarsa a kan biza nau'in S1. Takardar aure sai an tantance ta a ma'aikatar harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Sin, a kuma fassara ta zuwa Sinanci, an ce a fara yanzu. Idan ta iso za a ƙara sunanta a rajistar gidan, an riga an sanar da mai gida. Sabunta izininsa kuma za a fara haɗa takardunsa tun watan Janairu, kafin ofisoshi su tafi hutun sabuwar shekara.